Wanda Ya Fito Daga Gobara Da Ƙafarsa Bai Tsira Ba Tukuna

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa ƙarshen Janairu, da zarar dare ya yi a unguwar Nasarawa Gwom da ke cikin garin Jos, da wuya a ga tagar da aka bari a buɗe. Sanyin Filato ba abin wasa ba ne, akwai dararen da ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 10, wani lokaci ma ƙasa da haka. Saboda haka sai a rufe ƙofa, a toshe kafar da ke ƙarƙashinta da tsumma, a shigo da kaskon garwashi tsakar ɗaki yara su kewaye shi. A wani ɗakin risho ne akan bari a kunne bayan an sauke tuwo, a wani kuma kyandir ne bisa akwati kusa da katifa domin an ɗauke wuta. Gidaje da yawa na haya ne, ɗakuna a jere ƙarƙashin kwano guda, tagogi kuwa an gindaya musu ƙarfe saboda ɓarayi.

Idan tsautsayi ya gitta wuta ta kama a irin wannan ɗaki, abin da maƙwabta kan fara dubawa shi ne fatar waɗanda aka fito da su. Wanda jikinsa ya saɓule, nan da nan a nemi mota. Wanda kuwa ya fito da ƙafarsa, yana tari yana ba da labarin yadda abin ya faru, ba shi da komai sai 'yar ƙuna a hannu da gashin gira da ya babbake, sai a yi masa barka da arziki, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma a ɗakin maƙwabci, a ce da safe a leƙa kyamis. Likitocin da ke aikin ƙuna sun daɗe da sanin cewa sau da yawa wannan na biyun ma abin ji ne ƙwarai, domin wutar da ta ƙyale fatarsa mai yiwuwa ta riga ta yi masa aika-aika a huhu, alamar kuwa ba ta bayyana sai bayan awoyi.

Wannan darasi da tsada likitoci suka saye shi, kuma a nesa da nan. A daren 28 ga Nuwamba, 1942, gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na ƙasar Amurka, mutum 492 suka halaka. Abin da ya ɗaure wa likitocin babban asibitin Massachusetts kai, ciki har da Dokta Oliver Cope, shi ne wasu daga cikin waɗanda aka kawo ba su da wata ƙuna ta a zo a gani, har suna magana da masu jinya, amma bayan 'yan awoyi numfashinsu ya sarƙe suka cika. Da aka bincika gawarwakin sai aka tarar hanyoyin iska sun kumbura sun toshe, huhu kuma ya jiƙe sharkaf. Tun daga nan aka soma ɗaukar shaƙar hayaƙi a matsayin rauni mai zaman kansa, dabam da na fata. A shekarar 1987 likitocin asibitin ƙuna na sojan Amurka da ke San Antonio suka fitar da sakamakon nazarin majinyata fiye da dubu guda, inda suka nuna cewa shaƙar hayaƙi kan ƙara haɗarin mutuwa da abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari a kan abin da girman ƙunar da shekarun mutum za su sa a zata, idan kuwa ciwon nimoniya ya biyo baya, ƙarin kan kai kashi 60.

Mutanen Jos ba baƙin wuta ba ne. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. A rikicin watan Nuwamba na 2008 an ƙona gidaje masu yawa a arewacin garin, na ranar 17 ga Janairu, 2010 kuwa daga yankin Nasarawa Gwom ɗin nan ya faro, har ta kai gwamnati ta kafa dokar hana fita dare da rana. Ran 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a Taminus suka kashe mutum aƙalla 118, motoci da rumfuna suka kama da wuta. To, amma waɗannan su ne waɗanda jaridu suka buga. Gobarar yau da kullum ita ce ta ɗaki guda, wadda ba ta shiga labarai: kananzir da aka gauraya da fetur ya fashe a fitila, tukunyar gas ta yi yoyo, ko galan ɗin fetur da aka ɓoye ƙarƙashin gado ya haɗu da tartsatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum wajen 180,000 a kowace shekara, kusan kashi biyu cikin uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya.

Tashar lodi a cikin ƙirji

Kafin mai karatu ya gane irin ɓarnar da ake magana, sai ya san aikin da huhu yake yi sa'ad da lafiya ke nan. Zuciya gida biyu ce. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya dawo a gajiye, ya tura shi huhu. Ɓangaren hagu kuma ya karɓo shi daga huhu ya watsa wa sauran jiki. Watau duk jinin da zuciya ke bugawa, wajen lita 5 a minti guda ga babban mutum da ke zaune, tilas ne ya ratsa ta huhu. Wanda ya fara bayyana wannan hanya a rubuce shi ne Ibnun Nafis, likitan nan mutumin Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ɗaruruwan shekaru kafin maganar ta kai Turai.

Ita kuma iska takan bi ta hanci da maƙogwaro, ta shiga wani bututu da ke ta rassa kamar bishiya, reshe ya haifi reshe fiye da sau ashirin, har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da yawansu ya kai miliyan 300 ko fiye. Kowace jaka tana lulluɓe da ƙananan jijiyoyin jini, tsakanin iska da jini kuwa babu komai sai wata fata wadda ta fi gashin kai sirantaka fiye da sau ɗari. Ta wannan fata ce iskar oksijin ke ratsawa ta hau kan himoglobin, watau sinadarin da ke sa jini ja. Ƙwayar jini ba ta cika sakan guda a wurin, ta yi lodi ta wuce.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Farin Gada ya ga yadda ake lodin tumatir da kabeji, ya riga ya ga rabin abin. Jakunkunan iska su ne rumfuna, ƙwayoyin jini su ne motoci. Idan motoci suka yi yawa a rumfar da ba kaya, ko kaya ya taru a rumfar da ba mota, an yi hasara. Huhu yana da nasa ɗan kamasho mai hana wannan. Duk lungun da iska ta daina shiga, jijiyoyin jinin wurin sai su tsuke da kansu, jinin ya karkata zuwa inda akwai iska. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, von Euler da Liljestrand, su ne suka bayyana wannan ɗabi'a a 1946. Da ita ce mai ciwon nimoniya a gefe guda ke ci gaba da samun oksijin daga ɗaya gefen. Wannan ɗan kamasho yana daga cikin abubuwan da hayaƙi ke kashewa.

Daga mintin farko zuwa washegari

A ɗauki misalin magidanci mai nauyin kilo 60 wanda wuta ta rutsa da shi a ɗaki rufaffe, ya yi 'yan mintoci yana fafutukar fitar da 'ya'yansa. Tun bai fito ba guba ta riga ta shige shi. Duk abin da ya ci wuta a wurin da iska ba ta wadata ba, gawayi ne, katako ne, ko man janareta, yakan fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Himoglobin ya fi son wannan iska a kan oksijin fiye da sau 200, saboda haka sai ta cika motocin da kayan banza, ɗan oksijin ɗin da ya samu wuri kuma ta hana a sauke shi inda ake bukata. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da rikicewar tunani, waɗanda cikin sauƙi akan ɗauka zazzaɓi ne ko firgita. Ita ce kuma ke kashe iyali guda cikin barci ba tare da wata gobara ba, idan an kwana da kaskon garwashi ko janareta a rufe, da safe a yi ta zargin abincin dare. Mai ciki ta fi shiga haɗari, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe wannan guba.

Katifar soso da kayan roba da bargon ulu kuwa, idan suka kama, sukan ƙara da wata gubar mai suna sayanaid. Ita ba ruwanta da motoci, gaɓoɓin jiki take hanawa amfani da oksijin ko da ya iso musu. Maganinta wani nau'in bitamin B12 ne da ake bayarwa ta jijiya, mai tsada.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kyamis su sani. Ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna oksijin, wanda ya yawaita tun zamanin cutar korona, ba ya bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da kabon monoksaid. Yana iya nuna 98 alhali kuwa kashi ɗaya cikin uku na jinin mutum guba ce a kai. Leɓɓansa ma ba lalle su yi duhu ba. Idan aka bar shi yana shaƙar iskar duniya, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita. Idan aka sa masa tsantsar oksijin ta abin rufe fuska, awa ɗaya da 'yan mintoci sun isa.

Na biyu shi ne zafi. Busasshiyar iska mai zafi ba ta cika kaiwa can ƙasa ba, domin baki da maƙogwaro sukan shanye zafin tun a sama, su kuma su ɗauki raunin. Tururi ne kawai kan wuce da zafinsa har cikin huhu. Naman maƙogwaro da ya ƙone ba ya kumbura nan take. A hankali yake tasowa, ya kai matuƙa a tsakanin awa 12 zuwa 24, wani lokaci ya zarce. Shi ya sa magidancin nan ke iya ba da labari da ƙarfe 11 na dare, da asuba muryarsa ta dishe, da hantsi numfashinsa ya soma fita da wata ƙara mai kama da fito. Likitan da ya gan shi da wuri yakan zura masa bututun numfashi tun ƙofa tana buɗe. Wanda ya gan shi a makare yakan tarar ta rufe, sai dai a huda wuya. Ga jarirai abin ya fi sauri. Faɗin hanyar iskar jariri bai wuce milimita 4 ba, kumburin milimita ɗaya tak a kewaye ya cinye kashi uku cikin huɗu na hanyar.

Amma babbar ɓarna a can ƙasa take, inda kunkunniya da sinadaran hayaƙi suka sauka. Bangon rassan nan na iska yana da nasa ƙananan jijiyoyi masu ciyar da shi, waɗanda a lokacin lafiya ba sa ɗaukar fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jinin da zuciya ke bugawa. Dokta Daniel Traber da abokan aikinsa a Galveston ta jihar Texas sun shafe shekaru suna gwaji a kan tumaki, suka nuna cewa bayan shaƙar hayaƙi jinin da ke bin waɗannan jijiyoyi yakan ninka sau goma ko fiye, jijiyoyin kuma su soma yoyo. Ruwan da ke tsatsowa mai kauri ne, ya haɗu da majina da fatar cikin bututun da ta saɓule, ya daskare ya zama toshi mai siffar reshen da ya cika. Kowane toshi yana nufin an rufe rumfuna dubbai.

A nan ne ake bukatar ɗan kamasho ya karkatar da motoci, a nan ne kuma ake tarar ba ya nan. Huhun da ya ji rauni yakan fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid fiye da kima, aikinsa kuwa saki jijiyoyi ne. Sai jijiyoyin da ya kamata su tsuke su zauna a buɗe, jini ya ci gaba da kwarara ta lungunan da babu iska, ya fito yadda ya shiga, ya gauraya da mai kyau ya rage masa ƙarfi. Idan jinin da ke bin wannan ɓarauniyar hanya ya kai kashi uku cikin goma, ƙara oksijin ta hanci ba ya yin wani tasiri mai yawa, domin oksijin ɗin ba ya isa inda jinin yake. Sai dai na'urar taimaka wa numfashi, wadda ke tura iska da ƙarfi ta buɗe jakunkunan da suka shafe, tare da zuƙe toshin da bututu mai fitila a baki.

Ko da babu hayaƙi

Kada mai karatu ya zaci wanda ya ƙone a fili, ko yaron da tafasasshen ruwan wanka ya kwarare masa, huhunsa ya kuɓuta. Likitoci kan auna girman ƙuna da kason fatar jiki: tafin hannun majinyaci haɗe da yatsunsa kashi ɗaya ne cikin ɗari, hannu guda na babba kashi 9, ƙafa guda har cinya kashi 18, gaban gangar jiki kashi 18. Idan ƙuna ta kai wajen kashi 20 ga babba, ko kashi 10 ga yaro, ta daina zama maganar fata kaɗai. Naman da ya ƙone yakan zuba wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke sa ƙananan jijiyoyi yoyo a ko'ina, har inda wuta ba ta taɓa ba. Ruwan jini ya fice ya shiga tsoka, jiki ya kumbura, abin da ya rage a jijiya ya yi kauri ya ragu. Bugun zuciya ya yi rauni, manyan jijiyoyin huhu kuma su ƙara tauri, ɓangaren dama na zuciya ya shiga turin jini da kyar. Sakamakon haka, ko da jakunkunan iska lafiya lau suke, motocin da ke zuwa lodi sun ragu, gaɓoɓi kuma sun shiga yunwar oksijin.

Idan kuwa ƙunar mai zurfi ce kuma ta kewaye ƙirji, fatar takan bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, haƙarƙari ya kasa buɗewa. Maganin wannan shi ne likita ya tsaga matacciyar fatar daga gefe da gefe don ƙirji ya samu sakewa. Dangi kan firgita in sun ga haka, amma aiki ne na ceton rai.

Maganin ficewar ruwa shi ne ƙarin ruwa, mai yawa kuwa. Lissafin da aka fi sani shi ne wanda Dokta Charles Baxter ya fito da shi a asibitin Parkland na birnin Dallas a 1968: mililita 4 sau nauyin mutum sau kason ƙunarsa, a awa 24 na farko, rabi a cikin awa 8 na farko. Magidancin nan mai kilo 60, idan ƙunarsa kashi 30 ce, lissafinsa lita 7 ne da 'yan kai, watau ledar ruwa ta rabin lita fiye da 14 a kwana guda. Wanda ya shaƙi hayaƙi yakan bukaci fiye da haka.

To, a nan likita ke shiga halin gaba kura baya siyaki. In ya rage ruwa, ƙoda ta tsaya, ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta ƙara zurfi. In ya cika shi, rarar ta bi jijiyoyin da ke yoyo ta taru a maƙogwaro da huhu da ciki, fatar nan mai sirantaka da ke tsakanin iska da jini ta jiƙe ta yi kauri, oksijin ya kasa ratsawa. Saboda haka ne asibitoci da yawa yanzu ke farawa da ƙasa da lissafin Baxter, sa'an nan su riƙa gyarawa awa-awa bisa ga fitsarin majinyaci, wanda ga mai kilo 60 ake so ya kai wajen mililita 30 a kowace awa. Wannan aiki ne na ma'aikacin jinya mai agogo a hannu da takarda a gaba. Ledar ruwan da aka rataya a ƙusa a ɗakin haya, wadda wani mai allura a unguwa ya sa ya tafi abinsa, ba ta cikin wannan lissafi.

Kwana na uku da abin da ke bayansa

Wanda ya tsallake kwana biyu na farko yana da sauran tafiya. Cikin hanyoyin iska akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, masu share majina da ƙura zuwa sama dare da rana. Hayaƙi yakan kashe su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta su sauka a kan toshi da mataccen nama, mutum kuma yana kwance, ciwo ya hana shi tari, garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda ƙunar. Daga kwana na uku zuwa mako guda ko biyu ne nimoniya ke bayyana. A wasu kuma huhun gaba ɗaya ke kumbura ya yi tauri, hoton ƙirji ya fito fari fat ta kowane gefe, halin da wasu likitoci a birnin Denver suka fara bayyanawa a 1967, wanda kuma har yau yakan kashe wajen mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ya kama, ko a manyan asibitocin duniya.

Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa yawan mamata a babbar gobara ke ci gaba da hawa bayan wutar ta mutu. Arewa ta ga haka a fili a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a daren 15 ga Oktoba, 2024, jama'a na tsakiyar kwasar fetur. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta ambaci mutum casa'in da 'yan kai. Aka rarraba waɗanda suka ji rauni a asibitocin Ringim da Haɗeja da Dutse da Kano. Kafin 'yan makonni adadin ya haura 200. Ba dukansu huhu ya kashe ba, akwai ficewar ruwa, akwai ruɓewar rauni, amma duk wanda ya san aikin ƙuna ya san cewa a irin waɗannan kwanaki numfashi na cikin abubuwan da ke fara gazawa.

Abin da tudun Jos ke ƙarawa

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, watau kimanin ƙafa 4,000. Kason oksijin a iska ɗaya ne da na ko'ina, kashi 21 cikin ɗari, amma nauyin iskar da ke tura shi cikin jini ya gaza na Ikko da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Mai lafiya ba ya jin bambancin, jikinsa ya saba. Wanda rabin huhunsa ya toshe, wannan ɗan gibi yana iya zama babba a gare shi, haka nan mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mai asma, da tsoho. Sanyin da ya sa aka rufe taga kuma shi ne ke jiran wanda aka fito da shi tsirara aka kwarara masa ruwa, domin fatar da ta ƙone ba ta riƙe ɗumi.

Mutumin Nasarawa Gwom ba shi da nisa da manyan asibitoci. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, wanda ke da likitocin ƙuna da gyaran fata, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai na Jankwano, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, akwai kuma na OLA. Abin da ke cin lokaci galibi ba tazarar hanya ba ce, shawara ce: a jira gari ya waye, a jira mai gida ya dawo, a jira a ga ko abin zai lafa, a fara haɗa kuɗi. Tsoron kuɗin kuwa gaskiya ne, jinyar ƙuna tana cikin mafi tsada. Sai dai kuɗin oksijin na daren farko ko kusa bai kai na mako guda a kan na'urar numfashi ba.

Ga hukuma ma akwai magana. A watan Janairu na 2021, ana tsakiyar annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa wuraren samar da oksijin guda 38 a faɗin ƙasa. Wannan abin yabo ne, amma bukatar wanda ya shaƙi hayaƙi ta musamman ce. Ƙaramar na'urar nan mai tace oksijin daga iska, wadda aka fi gani a ƙananan asibitoci, galibi lita 5 zuwa 10 take bayarwa a minti, kuma in an ɗauke wuta ta tsaya. Mai kabon monoksaid a jini yana son wajen lita 15 a minti, na tsawon awoyi, ba yankewa. Wannan sai cikakkiyar tukunya, a sashen gaggawa, da tsakar dare, ba tare da an ce dangi su fara zuwa biyan kuɗi ba. Ya kamata kuma motar 'yan kwana-kwana ta zo da tukunya ɗaya tare da tiyo.

An daɗe ana faɗa da jama'a a kan ɗanyen ƙwai da manja da baƙin mai da man goge baki da ƙullun koko da ake shafa wa ƙuna, kuma faɗan yana kan hanya, babu ɗaya daga cikinsu mai amfani. Ruwa mai tsabta, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, shi ake zubawa a wurin na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen zane, a lulluɓe sauran jiki da bargo. Amma yawan maganar fata ya sa an manta da fuska. Wanda wuta ta rutsa da shi a wuri rufaffe, ko ya suma ko na minti ɗaya ne, ko gashin hancinsa da na gira ya babbake, ko akwai baƙi a bakinsa da kakinsa, ko muryarsa ta sauya, ko yana haki, ko yana magana ba kan gado, wannan na asibiti ne a daren, ko da babu tabo ko ɗaya a jikinsa. A kai shi a zaune ko a jingine, kada a kwantar da shi rigingine in yana cikin hayyacinsa. In an kai ɗaya saboda garwashi ko janareta, a tafi da duk waɗanda suka kwana a ɗakin.

A asibiti likita zai yi wasu tambayoyi da ɗan rakiya kaɗai zai iya amsawa, don haka wanda ya ga abin da idonsa shi ya kamata ya bi motar. Zai tambayi abin da ya ƙone, katifa ce, fetur ne, ko gawayi. Zai tambaya ko ƙofa a rufe take, da tsawon lokacin da mutumin ya yi a ciki, da ko ya suma. Sa'an nan zai tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, domin awa 8 ɗin farko na lissafin ruwa daga lokacin da wuta ta taɓa jiki ake ƙirga su, ba daga lokacin isowa asibiti ba. Wanda ya ƙone da ƙarfe 11 na dare aka kawo shi ƙarfe 6 na safe, awa ɗaya ta rage masa daga cikin takwas ɗin.